FACI A ILMIN KWAMFUTA: YADDA AKE SHIRYA GYARA A MIƘA SHI GA MANHAJA MAI BUƊAƊƊEN TUSHE

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa mallakar keke ya san aikin mai faci. Idan ƙaya ta huda robar cikin taya, sai ya tsoma ta a ruwa ya gano inda iska ke fita, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya liƙa ɗan guntun roba, sauran robar kuwa ba ya taɓa ta. Masana ilmin kwamfuta ma suna da nasu facin, kuma sunan ɗaya ne, domin kalmar da Hausa ta aro daga Ingilishi ita ce su ma suke amfani da ita. A wurinsu, faci ɗan taƙaitaccen rubutu ne da ke nuna layukan da za a cire daga cikin wata manhaja da kuma waɗanda za a sa a madadinsu.

Da irin wannan ɗan rubutu aka gina wasu daga cikin manyan manhajojin da duniya ke dogara da su a yau. Fitacciyar cikinsu ita ce Linux, wadda ke tafiyar da wayoyin Android, kuma tun daga watan Nuwamba na 2017 ita ce ke tafiyar da dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya. Wannan maƙala za ta ɗauki Linux a matsayin misali, ta bayyana yadda ake shirya faci, da yadda ake miƙa shi, da dalilin da ya sa ba a karɓarsa sai ya bi ta idon wasu mutane.

Mene Ne Buɗaɗɗen Tushe?

Kowace manhaja tana farawa ne a matsayin rubutu. Mai tsara manhaja yakan rubuta umarni layi bayan layi cikin wani harshe na musamman, kamar harshen C, sannan wata manhaja ta juya wannan rubutu zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. Rubutun farko, wanda mutum ke iya karantawa, shi ake kira tushe. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye tushen manhajarsu, su sayar da juyayyen kawai. Wanda ya sayi irin wannan manhaja zai iya aiki da ita, amma in ya ga aibi ba shi da halin gyarawa.

A shekarar 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin karanta tushensu, ya gyara, ya kuma rarraba. Daga wannan shiri ne lasisin GPL ya fito a 1989. A watan Agusta na 1991, Linus Torvalds, wanda a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya sanar da cewa yana rubuta ƙwayar wata babbar manhaja. Ƙwaya a nan ita ce sashen can ciki wanda ke sasanta tsakanin sassan na'ura da sauran manhajoji, kamar yadda ƙwayar gyaɗa ke cikin ɓawo. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL. Sigar farko ba ta wuce layi dubu goma da 'yan kai ba, amma a yau tushen Linux ya haura layi miliyan 30, kuma kowace sabuwar siga takan ƙunshi canje-canje fiye da dubu goma daga hannun mutane fiye da dubu ɗaya.

A nan ne tambaya ke tasowa. Mutanen da ke warwatse a nahiyoyi daban-daban, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa ganin juna ba, ta yaya suke aiki a kan rubutu ɗaya ba tare da sun dagula shi ba? Amsar tana cikin faci da ƙa'idojin da aka gindaya masa.

Asalin Faci

Sunan ya samo asali ne tun zamanin da ake adana umarnin kwamfuta a jikin dogon zaren takarda ko kati mai huji-huji. Idan an sami kuskure, sai a liƙe hujin da bai dace ba, ko a yanke ɓangaren da ya ɓaci a manna sabo. Wato facin farko faci ne na zahiri, da almakashi da gam.

Da aka koma adana rubutu a cikin fayil, sai aka buƙaci wata hanya. A farkon shekarun 1970 Douglas McIlroy na ɗakin binciken Bell Labs ya samar da manhajar diff, wadda ta fito tare da Unix a 1974. Aikinta shi ne ta kwatanta fayil biyu, ta fitar da layukan da suka bambanta kaɗai. A 1985 kuma Larry Wall ya fitar da manhajar patch, wadda ke yin aikin ta ɗaya gefen: a ba ta tsohon fayil da jerin bambance-bambancen, ta fitar da sabon fayil. Amfanin wannan a bayyane yake a zamanin da layukan sadarwa ke da tsada da jinkiri, domin maimakon a aika da rubutu mai dubban layuka, sai a aika da layuka ashirin. Manhajar Apache, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen ɗaukar shafukan intanet, ta fara ne a 1995 a matsayin tarin facin da wasu mutane suka yi wa wata tsohuwar manhaja.

Shekaru da dama Torvalds yana karɓar faci ta wasiƙar imel yana sakawa da kansa. Da aiki ya yi yawa, sai aka koma ga manhajar BitKeeper a 2002. Da wannan hanya ta toshe a 2005, sai ya rubuta Git a watan Afrilu na shekarar, kuma a watan Yuli ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Git tamkar rumbu ce da ke adana tarihin kowane canji: wanda ya yi shi, ranar da aka yi, da dalilin yin sa.

Siffar Faci

Alal misali, a ɗauka akwai wata ƙaramar manhaja da ke juya ma'aunin zafi daga Salshiyas zuwa Faranhait. Ɗalibin kimiyya ya san ƙa'idar: a ninka da tara, a raba da biyar, a ƙara 32. To amma mai rubutun ya yi tuntuɓen hannu ya sa 23. Sakamakon haka, manhajar za ta ce ruwa na tafasa a digiri 203 maimakon 212. Ga yadda facin gyaran zai kasance:

--- a/zafi.c
+++ b/zafi.c
@@ -10,6 +10,6 @@
 double juya_zafi(double c)
 {
     double f;
-    f = c * 9 / 5 + 23;
+    f = c * 9 / 5 + 32;
     return f;
 }

Layuka biyu na farko suna faɗin sunan fayil ɗin da za a gyara. Layi na uku yana nuna wurin, wato a fara daga layi na 10, kuma yankin ya ƙunshi layi shida kafin gyara da layi shida bayansa. Layin da ke da alamar ɗebewa shi za a cire, mai alamar tarawa kuma shi za a sa. Sauran layukan ba za a taɓa su ba. An kawo su ne don su zama shaidar wuri, kamar yadda mai kwatance kan ce gidan da ke tsakanin masallaci da rijiya. A bisa al'ada akan kawo layi uku a sama da uku a ƙasa, in akwai su. Ta haka, ko da wani ya ƙara rubutu a saman fayil ɗin har lambobin layuka suka gusa, manhajar za ta iya laluben wurin da ya dace. Wannan tsari na haɗa tsoho da sabo wuri ɗaya ya fito ne a 1990 daga hannun Wayne Davison, kuma shi ne aka fi amfani da shi har yanzu.

Matakan Shirya Faci

Mataki na farko shi ne samun sabon kwafin tushe. Wanda ya yi gyara a kan tsohuwar siga yakan tarar da cewa wani ya riga shi, ko kuma wurin ya canza har facinsa ba zai zauna ba.

Na biyu shi ne karanta ƙa'idojin masu aikin. Kowane aiki yana da salon rubutunsa. A Linux, alal misali, an fi son kada layi ya wuce harafi 80, kuma akwai wata 'yar manhaja mai suna checkpatch da ke duba faci ta nuna inda ya saɓa wa salon. Ana iya ganin wannan kamar tsanani, amma rubutun da dubban mutane ke karantawa dole ya kasance da kama ɗaya, in ba haka ba idon mai bita zai shagala da ado ya bar ma'ana.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne kowane faci ya ɗauki magana ɗaya tak. Idan mutum ya gyara kuskuren lissafi, ya kuma canza sunayen wasu abubuwa, ya kuma ƙara sabon aiki, to sai ya raba su faci uku a jere, kuma manhajar ta ci gaba da aiki bayan kowane ɗaya. Dalili na farko shi ne ƙaramin faci ya fi sauƙin dubawa. Dalili na biyu kuwa na lissafi ne. A ɗauka an fitar da sabuwar siga mai canje-canje dubu goma, sai aka ga wata na'ura ta daina aiki. Git tana da dabarar raba biyu: a gwada manhajar a tsakiyar jerin, in matsalar na nan to tana cikin rabin farko, in babu tana cikin na biyu, sai a sake raba wannan rabin. Tun da ninka biyu sau 14 yana ba da 16,384, gwaji 14 ya isa a kama facin da ya jawo matsalar daga cikin dubu goma. Amma in facin da aka kama ya cakuɗa abubuwa goma, to an kama gida ne ba a kama ɓarawo ba.

Na huɗu shi ne gwaji. Mai faci zai juya tushen, ya kunna manhajar, ya tabbatar cewa matsalar ta kau kuma bai haifar da wata ba. A misalin da ya gabata, zai gwada digiri 100 ya ga 212, ya gwada sifiri ya ga 32.

Na biyar shi ne rubuta bayani. Akan fara da layi ɗaya gajere mai faɗin sashen da aka taɓa da abin da aka yi, sannan a bi da cikakken bayani: mece ce matsalar, wa take shafa, yaya aka gano ta, kuma me ya sa aka zaɓi wannan magani. Facin kansa yana nuna abin da ya canza, amma dalilin canjin sai bayani ne ke iya adana shi. Bayan shekara goma, lokacin da mai facin ya bar aikin, wannan bayani ne kaɗai zai amsa wa na baya tambayoyinsu.

Na shida shi ne sa hannu. A 2003 kamfanin SCO ya kai kamfanin IBM ƙara, yana da'awar cewa an shigar da rubutun da yake mallakarsa cikin Linux. A 2004 sai masu Linux suka ɗauki wata takardar shaidar asali. Tun daga lokacin, kowane faci yana ƙarewa da layin da ke farawa da kalmomin Signed-off-by, sai sunan mai shi da adireshinsa na imel. Da wannan layi mutum ke shaida cewa shi ya rubuta gyaran, ko kuma yana da izinin miƙa shi ƙarƙashin lasisin aikin.

Miƙawa da Bita

Linux ta kasu kashi-kashi, kuma kowane sashe yana da masu kula da shi: masu kula da sadarwa daban, masu kula da sauti daban, haka masu kula da ma'ajiyar fayiloli. Sunayensu na cikin wani fayil mai suna MAINTAINERS, kuma akwai 'yar manhaja da ke karanta faci ta fitar da sunayen waɗanda ya kamata a aika wa. Ba a aika wa Torvalds kai tsaye. Ana tura facin ta imel, a tsurar rubutu cikin jikin wasiƙar, domin mai bita ya iya tsinka shi layi-layi yana rubuta ra'ayinsa a ƙarƙashin kowane. Wasu ayyukan kuwa suna amfani da dandali irin su GitHub, wanda aka buɗe a 2008, inda mutum ke ajiye gyaransa a nasa kwafin ya roƙi masu aikin su janyo shi. Hanyoyin sun bambanta, amma manufar ɗaya ce: a ɗora gyara a bainar jama'a kafin a karɓa.

Da wuya faci ya shiga a karon farko. Wani zai ce bayanin bai wadatar ba, wani ya ce gyaran zai karya aiki a wata irin na'ura. Abin da ake so ga mai faci shi ne ya amsa kowace tambaya, ya gyara, ya sake aikowa da alamar v2, wato siga ta biyu, tare da faɗin abin da ya canza. Akan sami facin da ya kai siga ta goma. In kuma aka yi shiru, ƙa'idar Linux ita ce a jira aƙalla mako guda kafin a tuna wa mutane, domin masu kula suna fama da ɗaruruwan wasiƙu. Sukar da ake yi, facin ake yi wa, kuma wanda ya iya karɓar gyara shi ne ke daɗewa a wannan fage.

Idan mai kula ya gamsu, sai ya ƙara nasa sa hannun ya ajiye facin a rumbunsa. Daga nan facin zai shiga wani rumbun gwaji mai suna linux-next, inda ake haɗa ayyukan sassa duka a ga ko suna jituwa. Da zarar an fitar da sabuwar siga, sai Torvalds ya buɗe ƙofa ta mako biyu, masu kula su miƙo abin da suka tara. Bayan an rufe ƙofar, sai a shafe kimanin mako bakwai ana gwaji, ba a karɓar komai sai gyaran kurakurai. Ta haka sabuwar siga ke fitowa kusan kowane mako tara ko goma.

Idan Bita Ta Yi Rauni

Mai karatu na iya tambayar ko wannan dogon mataki ya zama dole. Abubuwa uku da suka faru sun isa amsa.

A ƙarshen Disamba na 2011 an karɓi wani faci cikin OpenSSL, manhajar da ke sirranta bayanai tsakanin mai amfani da intanet da shafin da ya ziyarta. Facin ya manta da duba tsawon wani saƙo kafin amsa shi, mai bita ma bai lura ba. Kuskuren ya fita duniya a watan Maris na 2012, kuma ba a bayyana shi ba sai a watan Afrilu na 2014, inda aka raɗa masa suna Heartbleed. Ta wannan kafa, ɓarawo na iya zaƙulo bayanai har kilobayit 64 a kowane yunƙuri daga ƙwaƙwalwar na'ura, ciki har da kalmomin sirri. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba, amma sai da hukumomi da kamfanoni a faɗin duniya suka sabunta na'urorinsu da makullansu.

Wancan kuskure ne. Na biyu kuwa da gangan aka yi. Wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun aika wa Linux faci masu ɓoyayyen lahani don su gwada ko za a gane, ba tare da neman izinin kowa ba. A watan Afrilu na 2021 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya dakatar da karɓar faci daga jami'ar, aka kuma koma aka sake duba waɗanda suka fito daga can a baya. Masu binciken sun nemi gafara, amma an riga an ɓata lokacin mutane da yawa.

Na uku ya fi duka tayar da hankali. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana aika gyare-gyare masu amfani ga xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace na'ura mai Linux, har aka amince da shi aka ba shi ikon kula da aikin. Daga nan ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta ba shi damar shiga na'urorin mutane. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya tono makircin, kafin gurɓatacciyar sigar ta bazu. Abin da ya ba shi damar yin haka shi ne kasancewar tushen da tarihinsa a buɗe suke ga mai son dubawa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa buɗe tushe shi kaɗai ba ya tsare manhaja. Abin da ke tsare ta shi ne a sami mutanen da za su karanta da gaske, kuma a kawo musu gyara a siffar da za su iya karantawa: ƙarami, mai magana ɗaya, mai bayani, mai ɗauke da sunan wanda ya yi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bita ita ce hannu na biyu.

Ƙofar wannan aiki ba ta tambayar takardar shaida ko ƙasar da mutum ya fito. Mutane da yawa sun fara ne da gyaran kuskuren rubutu a takardun bayani, ko da kai rahoton wata matsala dalla-dalla. Akwai ma wuraren da sanin Hausa ke da amfani kai tsaye, domin manhajojin da ke tafiya tare da Linux suna ɗauke da tsarin allon rubutu na Hausa, na Nijeriya da na Gana, masu haruffan ɓ da ɗ da ƙ, kuma ta irin wannan hanya ake inganta su. Malami kuma yana iya gwada darasin a aji ko babu intanet: ɗalibi ɗaya ya rubuta 'yar manhaja, na biyu ya shirya mata faci da bayaninsa, na uku ya yi bita ya karɓa ko ya mayar da dalili. Ɗalibin da ya saba da bayyana dalilin gyaransa a rubuce, ya kuma saba da jin suka ba tare da fushi ba, ya koyi abin da zai amfane shi a kowane fannin kimiyya.